Masarar da na kai Riruwai

Ɗan yayata ne ya ja min, wanda ke karatun ilimin duwatsu a jami'a. Ya zo hutu ƙauyenmu, nan gefen Tudun Wada, muna zaune gindin darbejiya da yamma ya nuna min bidiyon wani dutse da ya fara aman wuta a ƙasar Aisland a 2021. Narkakken dutse na malala ja wur kamar an kifar da tukunyar manja. Turawa kuwa, maimakon su ranta a na kare, sai suka yi dafifi suna ɗaukar hoto, har da masu gasa nama a kai. Na ce ikon Allah, ga wuta kyauta, mu nan icen ɗari biyar ba ya nunar da wake.

Yaron ya ce, "Ai Kawu, mu ma muna da shi a jihar Kano. Duwatsun Riruwai asalinsu mai aman wuta ne, sai dai..." Daidai nan ladan ya kira magariba, na miƙe. Wannan "sai dai" da ban tsaya na ji ƙarshenta ba, ita ta ci min wando da silifa ƙafa ɗaya.

Kafin a yi isha'i duk majalisa ta san zan je. Uwargida ta ce, "Malam, in wuta kake nema ga murhu nan." Ban kula ta ba. Ran Asabar na karyo ɗanyar masara goma sha biyu, na hau bayan babur ɗin abokina mai shayi, muka ratsa dajin Falgore muka nufi Doguwa. Sai a hanya na lura da wautata ta farko: hagu masara, dama masara, ni kuma na rungumo tawa tun daga gida kamar wani magani.

Mai shayi mutum ne da rediyo ta rene shi, kuma ba ya ajiye labari mai daɗi. Ya ce a 1986 tabkin Nyos na Kamaru, wanda ke bakin wani tsohon dutse, ya saki wata iska cikin dare ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dabbobinsu. Ya ce a 2002 dutsen Nyiragongo ya kwararo har cikin birnin Goma na Kwango. "Kuma ka ga su ba masara suka je gasawa ba." Na ce ya dubi hanya.

A Riruwai muka sami wani dattijo da ya yi aikin haƙar kuza tun yana saurayi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ta ina wutar take fitowa?" Ya ce, "Wuta? Ai yau kwana uku ba su kawo ba."

Muka hau da kanmu. Mutumin fadama ne ni, ko tsanin rumbu sai na yi bisimilla sau biyu, ga buhu a kafaɗa, ga gumi har cikin ido. Can wajen azahar sai ga hayaƙi yana tasowa daga bayan wani falalen dutse, fari, mai kauri. Abin da na zo nema ke nan, amma wallahi gwiwoyina ba su yi murna ba. Mai shayi ya toshe hanci da hularsa ya ce, "Nyos!", ya juya. Na bi shi, santsi ya ɗauke ni, na sauko da mazaunai, wando ya ce ɓarrr, silifa ta faɗa wani tsagi, masara ta riga ni isa ƙasa.

Ina kwance ina salati sai ga mutum ya fito daga cikin hayaƙin, baƙi ƙirin, da shebur a hannu. "Lafiya, Malam?" Gawayi yake ƙonawa.

Nan na buga wa ɗan yayata. Da ya gama dariya ya ce, "Kawu, sai dai ya mutu, shi zan ce. Sama da shekara miliyan 150. Ruwa da iska sun cinye kansa, gindin ne ya rage, a cikinsa ake samun kuzar. Na Biu ma da na Kerang a Filato shiru suke. In wuta kake so sai Dutsen Kamaru, ya yi a 1999 da 2000." Na ce Allah ya ba masu zuwa sa'a.

Mai gawayi ya ji tausayina, ya ɗebo garwashi muka gasa guda bakwai da muka iya tsincewa. Da majalisa ta tambaya na ce a kan dutsen aka gasa, hayaƙi ma da idona na gani, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Mai shayi ya buɗe baki, na yi maza na biya shi bashin shayin wata biyu.

Uwargida ce kawai ban iya saya ba. Tana ɗinke wandon a gindin fitila ta ɗaga shi sama ta ce, "Malam, ita wutar ta baya take kama mutum?"