Kiwon kifi bai hutar da kifin teku ba

Tun da kiwon tarwada ya bazu a Sakkwato, ana yawan jin mutane na cewa kiwo ya hutar da kifin kogi da na teku, tunda wanda ke cikin tanki ba kamo shi aka yi ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma da sauran bayani.

Ka buɗe buhun abincin kifi ka sansana. Wannan ƙarnin na garin kifi ne, ƙananan kifayen teku da aka kamo aka niƙa. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya akwai masana'antun da ke niƙa sardinela da bonga, kifin miyar talaka, su fitar da gari da mai ƙasashen waje. Masunta da mata masu banda a can sun daɗe suna kukan kifi ya yi ƙaranci, kuma kukan nasu yana kan hanya.

Sai cuta. A ƙasar Norwe ana kiwon wani kifi da ake kira salmon cikin manyan kejin raga a bakin teku, dubbai a cunkushe. Ƙwarƙwatar ruwa na hayayyafa a jikinsu, igiyar ruwa ta kwashe 'ya'yanta zuwa kan ƙananan salmon da ke gangarowa daga kogi, ta ci fatarsu har wasu su mutu. Raga kan yage kuma, na kiwo su tsere su gauraya da na kogi, irin ya raunana.

Namu na tanki bai kai can ba. Amma ruwan da mai kiwo ke zubarwa, da kashin kifi da ragowar magani a ciki, in ya gangara kogin Rima, kifin da ke ciki yake gurɓata wa ruwa.