Abin da ya sa awa takwas ke isar Bajamushe

Yawancin 'yan'uwanmu da suka zo Jamus sukan koma gida da labarin cewa mutanen nan sun fi mu ƙwazo, ni kuwa ban yarda da haka ba. Alƙaluman OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasashe, sun nuna cewa ma'aikacin Jamus yana yin aikin kusan awa 1,350 ne a shekara, wato yana cikin masu ƙarancin awannin aiki a ƙasashe masu arzikin masana'antu. Dokar lokacin aiki ta 1994 ta ƙayyade awa takwas a rana, in an ƙara ba a wuce goma, kuma wajibi ne a bar mutum ya huta awa 11 kafin ya koma bakin aiki. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, in ban da 'yan kaɗan irin na tashoshin jirgi da gidajen mai. Mai shayin da ke hura wuta tun kafin kiran assalatu a Fagge, bai tashi ba sai dare ya raba, ya fi kowane Bajamushe daɗewa a tsaye.

Abin da Bajamushe ya fi mu shi ne lokacinsa nasa ne, babu mai gutsurar masa. A duba telan da ya karɓi ɗinkin sallah a Kano. Ya zauna da niyyar gama riguna kafin azahar, sai aka ɗauke wuta, ya ɗauki jarka ya tafi neman man janareta. Da ya dawo ya tarar da aboki a kan benci, ba dama ya ce masa yana da aiki, domin za a ce ya fara girman kai. Kafin ya zura zare a allura an bugo waya cewa an yi rasuwa a unguwa, za a kai bayan azahar. Wannan mutum ba malalaci ba ne, kuma littattafan Turawa masu koyar da tsara lokaci ba da shi suke ba, domin marubutansu sun ɗauka wuta ba ta yankewa, baƙo kuma ba ya zuwa sai ya nemi izini.

Sai da na zo nan na san darajar tsarin da muke da shi. A Kano magariba ba ta kauce wa tsakanin wajen ƙarfe shida da bakwai duk shekara, saboda haka salloli biyar sun raba mana yini kashi-kashi ba tare da wani littafin ajiye alƙawari ba. A Berlin kuwa rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, a watan Yuni kuma sai wajen tara da rabi, don haka dole mutum ya koma ga agogo. Matsalarmu ita ce mun mayar da "bayan la'asar" wani fili mai faɗi, wanda ya zo ƙarfe huɗu da wanda ya zo gab da magariba duk suna ganin sun cika alƙawari.

Ba na sha'awar mu kwaso tsarinsu gaba ɗaya, domin ƙasar da sai ka tsayar da rana mako biyu kafin ka sha shayi da abokinka tana fama da kaɗaici. Zumunci ba ɓata lokaci ba ne, kuma jana'iza ba ta jira. Amma hirar benci tana iya jira, haka ma saƙonnin WhatsApp. Wanda ya keɓe tsakanin asuba da azahar domin babban aikinsa, ya kife waya, ya sanar da abokansa cewa ƙofarsa a buɗe take bayan la'asar, za a yi masa ƙorafi na ɗan lokaci, daga baya a saba. Idan kuma za a ɗaura alƙawari, a ambaci sallar a kuma ambaci ƙarfe nawa.