Sulken kaka da buhun dawa

Jiya mun yi sa-in-sa da Baffana a nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, har yanzu raina bai kwanta ba.

Wani dillalin kayan tarihi ne ya zo, wai ya ji muna da sulke. Bai yi ƙarya ba. A akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadon Inna akwai sulken kakan babanmu, da kwalkwalinsa, da likkafa ɗaya, 'yar'uwarta ta ɓata tun ban yi wayo ba. Barde ne, ya yi yaƙi a kan doki a ƙasar Sakkwato tun kafin Nasara su shigo. Ya tsira a Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ya biyo ayarin hijira har nan bakin kogin Nilu. A kafaɗar hagu ta sulken akwai inda aka yi gyara da zobba manya waɗanda ba su yi kama da sauran ba. Inna ta ce nan mashi ya shiga.

Baffa ya ce, "Ɗana, ka san kuɗin buhun dawa yau? Sulke ake ci?" Na yi shiru, don shi ke riƙe da gidan.

Dillalin, don ya kwaɗaita mana, ya nuna min hoton wata lambar yabo ta azurfa a wayarsa, ta wani mahayin dokin Ingila da ya yi yaƙin Karari, kusa da Omdurman a nan Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, a rundunar da Winston Churchill ya hau da ita. An zana sunansa a gefen lambar. Masu tara irin waɗannan kaya sun san rundunarsa da muƙaminsa, kuma sunan suke saye da tsada, ba azurfar ba. A wannan safiyar mutanen Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, sama da 10,000 suka kwanta dama. Takubbansu da jibbobinsu masu faci suna can a gidajen tarihin Turai, galibi babu sunan mai su.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ranar da sulken nan ya bar gidanmu, "sulken Sudan" kawai zai koma. Ba Burmi, ba hijira, ko Hausa ba za a ambata ba.

Wani zai ce a kai gidan tarihi. Da bakina na sha faɗin haka, sai ga babban gidan tarihi na Khartum an wawashe shi bayan ɓarkewar yaƙi a 2023.

Daren jiya na zaunar da Inna na ɗauki muryarta a waya: sunan kaka, kirarinsa, launin dokinsa, garuruwan da suka yada zango. Na haɗa da hotuna na tura wa 'yan'uwa a Jidda da Kano, na ce a yi karo-karon kuɗin dawar Baffa. Mutum biyu suka amsa. Dillalin ya ce Juma'a zai dawo.