Ɓeran Amurka ya taka, amma ni ban yarda a sayar da filin ba

Shekaranjiya da daddare aka turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na gidanmu: ɓera ne da aka ji wa rauni a laka yana jan ƙafafun baya, sai ga shi bayan sati huɗu yana takawa. Kafin asuba har an fara zancen a sa filin Baba na Rijiyar Zaki a kasuwa, a fitar da ɗan yayata waje. Shekara uku ke nan yana kwance, tun ranar da babbar mota ta bugi adaidaitar da yake ja a titin Zariya. Daga cibiya zuwa ƙasa ko tsunkulinsa ka yi ba ya ji.

Na ce a'a. Har yanzu Yaya ba ta ɗaga wayata.

Bidiyon ba ƙarya ba ne. Aikin Farfesa Samuel Stupp ne na Jami'ar Northwestern a Amurka, an wallafa shi a 2021. Kuma dabarar ta burge ni ƙwarai. Mu nan mun saba da karaya, mai ɗori ya ɗora, ƙashi ya kama. To laka ba ƙashi ba ce. In ta murƙushe, wurin kan zama kogo mai ruwa, tabo ya kewaye shi, jijiyar da ke son tohowa ta rasa abin da za ta bi ta tsallaka. Tun 1981 Albert Aguayo ya nuna a Kanada cewa jijiyoyin nan suna iya tsiro in an ba su hanya. Kamar yaɗon duma ne, ba ya hawa iska, sai ya samu darni ko rumfa. Rumfar nan ake ta ƙoƙarin ƙerawa. Wasu na yin ta da kolajin, sinadarin da ke cikin fata da jijiyar dabba, wasu da irin robar zaren ɗinkin tiyata mai narkewa a jiki, ta yadda in ta gama aikinta za ta ɓace da kanta. A 2019 masu bincike a San Diego sun buga tasu da na'ura, da ƙananan hanyoyi a ciki kowace kaurinta kamar silin gashi biyu, suka cika su da ƙwayoyin halittar da ke zama jijiya, suka dasa wa ɓeraye.

Ɓeraye dai, jama'a. Kuma na Stupp, kwana ɗaya da raunin aka yi musu allurar da ke haɗa rumfar. Namu shekara uku, tabon ya daɗe da ƙeƙashewa.

An gwada a mutane? An gwada. Kamfanin InVivo na Amurka ya dasa wa mutum na farko irin tasa rumfar a 2014, aka yi ta murna. Da sakamakon gwaji na biyu ya fito a 2023, waɗanda aka dasa wa ba su fi waɗanda ba a dasa wa samun sauƙi ba, a 2024 kamfanin ya durƙushe. A Sin ma tun 2015 ake dasa ta kolajin, amma har yau abin bai wuce matakin gwaji ba. Saboda haka duk dillalin da ya ce ki kawo miliyoyi yana da asibiti a waje da zai miƙar miki da ɗa, Yaya, kuɗinki yake so. Kada gani a tafi ya sa mu zubar da na baka.

Abin da ke cin yaron nan yanzu gyambon kwanciya ne. Na gan shi da idona ranar Juma'a, a ƙugunsa, rami ne da babban yatsa zai shige. Uwarsa ce kaɗai ke juya shi, duk awa biyu ya kamata, amma cikin zafin nan in an ɗauke wuta ita ma barci kan sace ta. Robar fitsarin ta wuce lokacin canji. An daina kai shi gashin ƙashi saboda kuɗin mota. Kekensa tayar hagu ta lanƙwashe tun kafin azumi. Duk wannan ko rubu'in kuɗin filin bai kai ba, in mun yi karo-karo mu bakwai wata biyu ya ishe mu.

Wani abu kuma yana yi mini ciwo har gobe. Ranar hatsarin mutanen kirki ne suka ɗauke shi, wani ya kama hannu wani ƙafa, aka naɗe shi a bayan wata adaidaitar. Allah ya saka musu, taimako suka yi niyya, amma mai raunin baya a kan katako ake ɗaukarsa a miƙe, a tallafe wuya kada ya motsa.

Na riga na yi cinikin katifa mai iska. Ranar Asabar zan kai gidan, ko Yaya ta amsa gaisuwata ko kada ta amsa.