Tauye mudu a tsakiyar teku

Shekara goma sha bakwai ke nan ina tuƙa tasi a Southampton, garin bakin teku da ke kudancin Ingila, inda manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa ke lodi da sauke fasinja. Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu a tasha, tun asuba muke jere a layi. Mai shirin tafiya bai cika hira ba, hankalinsa na kan fasfo da akwati. Wanda ya dawo shi ne mai labari. A da, kafin mu kai tashar jirgin ƙasa ya gaya mini kilo nawa ya ƙara, yana shafa tumbi yana dariya. Yanzu kuwa, musamman tsofaffin da suka yi tafiya goma ko ashirin, bakinsu ɗaya: abincin ya lalace.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin mitar tsufa. Ko a gida, wane dattijo ne bai ce tuwon da ya fi na yanzu gardi ba? Sai da na ɗanɗana da bakina.

A 2016 ni da uwargida muka yi adashin kanmu, muka shiga jirgi na kwana bakwai zuwa Norway. Kowane dare teburinmu ɗaya, mai yi mana hidima ɗaya, wani ɗan Indunusiya da ya yi mana sallama tun daren farko da ya ga mayafin uwargida. Da ya fahimci ba ma cin naman da ba a yanka ba, sai ya riƙa kawo mana jerin abincin gobe tun yau, mu zaɓa. Shi ne zai shiga kicin ya tambayi kuku wace miya aka zuba wa giya, wace aka dafa da romon alade, ya dawo ya raɗa mana. Kwana bakwai, ban ci kifi iri ɗaya sau biyu ba. In ka yaba wani abu, kafin ka ɗago kai an ƙaro maka. Da dare in mun koma ɗaki, an sake gyara gado, an ajiye ɗan cakulan a kan matashi. Uwargida ta tara su ta kawo wa yara tsaraba.

A 2024 muka koma, kamfani ɗaya, jirgi mafi girma, zuwa Sifaniya da tsibiran Kanari. Ba a ba mu teburi ba, sai dai ka shiga layi ta manhajar waya, in ta yi ƙara ka je duk inda aka zaunar da kai. Kowane dare sabuwar fuska, kowane dare sai mun sake bayanin abin da muke ci da wanda ba ma ci tun daga farko, ga yaron yana sauraro da kunne ɗaya, idonsa na kan wasu teburan. Jerin abincin ya gajarce. A dare na huɗu uwargida ta juya farin kifin da ke farantinta da cokali mai yatsu, ta ce, "Malam, wannan ba kifin jiya ba ne aka sauya wa riga?" Shi ne. Shekaranjiya da miyar lemun tsami, jiya da ta tumatir, yau da man shanu. Kifi mai daraja yana nan cikin jirgin, ba a daina sayo shi ba, amma ya koma wani ɗakin cin abinci a wani bene, inda sai ka ƙara kuɗi a kan kowane kai. Gyaran gadon dare da cakulan kuwa, ko labarinsu.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, kuma kamfanonin da kansu sun sanar da wasu daga cikin sauye-sauyen. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Carnival ya fara karɓar dala 5 daga duk wanda ya nemi babban faranti na uku a ɗakin cin abinci, ya kuma ɗaga kuɗin shiga ɗakin gasasshen nama daga dala 42 zuwa 48. A farkon 2023 Royal Caribbean ya fito da sabon jerin abinci, ya cire ɓangaren nan na abincin da ake samu kowane dare ba fashi, sannan ya ce lobsta, wato ƙaton ɗan'uwan jatan lande da Turawa ke ji da shi, guda ɗaya ne kyauta, na biyu dala 16.99 ban da tukuicin kashi 18 cikin ɗari. A shekarar ce kuma kamfanin Norwegian ya mayar da gyaran yawancin ɗakuna sau ɗaya a rana maimakon biyu. Ɗaya in ya gwada bai ga fasinja sun gudu ba, sai saura su bi sahu.

Dalili akwai shi, ba zan ɓoye ba. A watan Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da harkar cak. Fiye da shekara guda yawancin jirage na shawagi babu fasinja, inji na shan mai, bashi na haihuwa. Carnival, wanda ya fi kowa girma, kuma shi ke da kamfanonin Cunard da Princess da Seabourn, ya yi asarar sama da dala biliyan 10 a 2020 kaɗai. Bashin da ke wuyansa bai kai biliyan 12 ba kafin annobar, sai ga shi ya haura biliyan 30, har kuɗin ruwa kawai ya lashe kusan biliyan 2 a 2023. Kamfanin Crystal, da ake yi wa kallon sarkin alfarma, ya durƙushe a farkon 2022, aka kama jiragensa biyu a Bahamas kan bashin kuɗin mai. Ga tsadar kayan abinci bayan ɓarkewar yaƙin Yukren. A nan Birtaniya hauhawar farashin abinci ta haura kashi 19 cikin ɗari a watan Maris na 2023, kowa ya ji a aljihunsa.

To, amma wannan uzurin ya tsufa. A 2024 Carnival ya samu kuɗin shiga dala biliyan 25, abin da bai taɓa samu ba a tarihinsa, Royal Caribbean kuma ya ci ribar kusan biliyan 3. Jirage cike suke maƙil. Riba ta dawo gida, faranti bai dawo ba. Abin da aka yanke da sunan lalura ya zauna daram.

A nan ne nake tuna Inna mai ƙosai ta unguwarmu a Funtuwa. In wake ya yi tsada, ƙosanta ya kan ƙanƙance, har mu riƙa tsokanarta cewa ya kusa zama gujiya. Ba ta musu. Za ta ce, "Ɗana, je Dawanau ka tambayi kuɗin buhu." Ƙosan yana gabanka a cikin mataci, ka gani kafin ka miƙa kuɗi, in bai yi maka ba ga mai waina can gaba. Wannan ciniki ne na gaskiya ko da ya yi ciwo. Akwai kuma wani ciniki da duk wanda ya taɓa awo a kasuwar hatsi ya sani, inda ake bubbuge gindin mudu daga ƙasa. Daga waje mudu ne cikakke, har da tozo a kai, sai ka je gida ka juye ka ga abin da aka yi maka. Abin da jiragen nan ke yi ya fi kama da na biyun. Ka biya kuɗin tikiti wata shida ko shekara kafin tafiya, bisa hotunan da aka nuna maka da kuma abin da ka ci a tafiyar baya. Ranar da za ka gane an rage, kana tsakiyar teku, babu mai waina a gaba, babu inda za ka je sai ɗakin da su ɗin dai suka buɗe na ƙarin kuɗi.

Kuma da gangan aka tsara haka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin nan ba daga tikiti yake fitowa ba, daga abin da fasinja ke kashewa ne bayan ya shiga: abin sha, intanet, caca, yawon gari in an tsaya, da ɗakunan cin abinci na musamman. Saboda haka ana riƙe kuɗin tikiti ƙasa-ƙasa don ya ja ido a talla, a bar sauran lissafi sai an rufe ƙofa. In abincin kyauta ya yi daɗi ƙwarai, wa zai hau bene ya biya? Dole ya tsaya a inda ba za ka yi rigima ba, amma kuma ranka zai riƙa biya maka na sama. Norwegian ne ya buɗe wannan hanya sosai tun wajen 2000, da ya soke tsayayyen lokacin cin abinci ya yawaita ɗakunan zaɓi. Yau jirgi irin Icon of the Seas na Royal Caribbean, da ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, da wuraren cin abinci sama da ashirin, da yawansu na kuɗi.

Wani abu guda na yarda da su a kai, ko da abokan hirata a tasi ba sa son ji. Dala biyar ɗin faranti na uku ba ta dame ni ba. Na ga almubazzaranci a 2016 da ya sa na kau da kai: mutum ya cika faranti da nama a wurin ɗebi-da-kanka, ya ci loma biyu ya ture, ya koma ya ɗebo wani. Wanda ya tashi a gidan da ake ɗumama tuwon jiya a karya da shi ba zai yi kukan an hana wani cin faranti uku ba. Haka shagalin abincin tsakar dare da tsofaffi ke ta kewa, wanda ake sassaƙa ƙanƙara da kankana don a ɗauki hoto, rabinsa a shara yake ƙarewa. Da iyakar abin ke nan, da na yi shiru. Amma rage ɓarna daban, sauya kifi mai kyau da mai araha daban, kuma sun iya cusa na biyun a cikin rigar na farkon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar da suke kiranmu da ita. A jiragen nan ba a cewa fasinja, sai dai baƙo. Mu kuwa mun san nauyin wannan kalma. A gidan mahaifina in baƙo ya sauka, zakaran da ake ji da shi ne ke tafiya, mu yara mu haƙura da romo. Ba a taɓa zaunar da baƙo a zaure a ba shi gaya, sannan a ce masa miyar nama na cikin gida in yana da abin biya. Ban ce kamfani ya zama gidan mahaifina ba, kasuwanci suke, ni ma ba na ɗaukar kowa kyauta. Sai dai mitar tasi a fili take, kana kallonta tana hawa. In ciniki ne a kira shi ciniki, a faɗi kuɗinsa na gaskiya tun a tasha. Da za a ƙara mini fam ɗari biyu a tikiti a dawo da abincin 2016, da na fi ganin mutuncinsu.

Masu kuɗi sosai, su an yi musu hanya. Cunard dama bai taɓa ɓoye nasa tsarin ba: a jirginsa Queen Mary 2, mai zirga-zirga tsakanin nan da Niyok, darajar ɗakinka ce ke nuna inda za ka ci, na ƙasa a Britannia, na ƙoli a Queens Grill. Yanzu saura ma sun kwaikwaya, sun killace wani sashe a saman jirgi mai ƙofarsa da kicin ɗinsa, kamfanin MSC na kiran nasa Yacht Club, Norwegian na kiran nasa The Haven. Ƙananan jiragen alfarma kuma, waɗanda ake cewa komai na cikin tikiti, yawancinsu na manyan ne: Silversea na Royal Caribbean, Regent da Oceania na Norwegian. Ka gudu daga wannan rumfa ka faɗa waccan, mai kasuwar ɗaya ne.

Wanda ba ya cin komai da komai shi ke fara jin raguwar. Bature in nama bai yi masa ba ya koma kan kaza, in ba ta yi ba ga alade. Mu da muka dogara da kifi da ganye, in aka rage kala biyu daga jeri, rabin zaɓinmu ne ya tafi. Shi ya sa na ɗaga kunne da na ji Saudiyya ta ƙaddamar da nata kamfanin, Aroya, daga Jidda a ƙarshen 2024, babu giya, abinci halal. Uwargida har ta fara lissafin haɗa shi da Umara.

Ban ga laifin yaron da ya saurare mu da kunne ɗaya ba. Ina ɗaukar irinsu a tasi, 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, in sun samu awa biyu ko uku na sauka. Kwantiraginsu wata shida zuwa tara ne, babu ranar hutu ko ɗaya a ciki. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta wajabta musu hutun awa 77 ne kawai a mako, ka lissafa abin da ya saura. Da yawan jiragen na ɗauke da tutar ƙasashe irin su Bahamas ko Panama ko Malta, don haka dokar albashin Ingila ko Amurka ba ta bin su can. A kamfanoni da yawa tukuicin da ake cire wa fasinja, dala 16 zuwa 20 kowace rana a kan kowane mutum, shi ne ginshiƙin abin da suke aika wa gida.

Wata Juma'a na ɗauki biyu daga cikinsu, 'yan Indunusiya, daga tasha zuwa masallaci, suka roƙe ni in jira su in biya da su shagon 'yan Asiya. Na tambayi babban ko aikin ya sauya. Ya ce teburan da yake kula da su sun ƙaru, mataimakin da a da nasa ne shi kaɗai yanzu raba shi suke da wani, kuma duk fasinjan da bai ji daɗin kifi ba, shi yake ba maki kaɗan a takardar ra'ayi, ba ofishin da ya sayo kifin ba. Suka fito daga shagon da katan biyu na taliyar leda da kwalaben yaji, muka loda a but. Ƙarfe uku da rabi na sauke su a bakin ƙofa, saura awa biyu su fara jera cokula.