Buhun da ba shi da suna: abin da na gano a ƙasar inabin Fotugal

Shekarata ta shida ke nan a Lisbon, amma sai a watan Satumban da ya wuce Allah ya nufa na taka kwarin Douro, inda mutanen Fotugal ke noman inabin da suke tinƙaho da shi. Wani abokin aikina ne ya gayyace ni ƙauyensu lokacin girbi, wanda su suke kira vindima. Tun kafin mu yanki tikiti na maimaita masa abin da ya riga ya sani, cewa ni ba na shan giya, ba kuma zan ɗanɗana ba. Ya ce ba komai, in zo in ga gona in ci abinci. Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Ka dai kula da abin da za ka kai bakinka." Na ce, "In sha Allahu, Hajiya."

Daga tashar São Bento ta birnin Porto muka tashi, tashar da aka lulluɓe bangonta da tayil shuɗi da fari wajen 20,000. Bayan tafiyar kamar awa guda jirgin ya gangaro bakin kogi, daga nan kuma ruwa na hannun damanmu har Régua, har Pinhão. Ƙasar wurin ba ƙasa ba ce irin wadda manominmu zai yi wa kallo na biyu. Dutse ne mai ɓarewa falle-falle, ga tudu a tsaye kamar bango. Da hannu kakanninsu suka farfasa shi, suka jera katangu hawa-hawa tun daga bakin ruwa har ƙololuwa, suka dasa inabi a tsakani. Su da kansu suna cewa yankin wata tara ne na sanyi, wata uku na wuta. Da na ɗaga kai na ga matakalan nan, Sukur ta jihar Adamawa ce ta faɗo mini a rai, domin can ma haka mutane suka sassaƙa dutse suka mai da shi gona. Hukumar UNESCO ma ta riga sa Sukur cikin kayan tarihin duniya, a 1999, kafin ta sa Douro a 2001. Amma Douro jirgi ke sauke baƙi kullum, Sukur kuwa ko a cikinmu mutum nawa ne suka san da ita?

Ban sa hannu a tsinkar inabin ba, balle matsar da suke yi da ƙafa da daddare a cikin kwarmin dutse, domin a wurinmu hukuncin bai tsaya ga mai sha kaɗai ba. Na yi musu bayani, suka fahimta, babu wanda ya ɓata rai. Mahaifiyar abokina, tsohuwa mai kusan shekara 80, ta tsinko mini nonon inabi guda ta wanke ta miƙo mini. 'Ya'yan ƙanana ne, fatarsu da kauri, ga ƙwallo a ciki, amma zaƙinsu har maƙogwaro yake kamawa. Na zauna a inuwar zaitun ina ci, ina kallon maza suna hawa da akwatuna a kafaɗa, gumi ya jiƙe musu riga sharkaf.

A bakin wata hanyar gona abokin nawa ya tsayar da ni gaban wani dogon dutse da aka kafa, an sassaƙa masa kalmar Feitoria da shekara. Wannan dutsen shi ne dalilin wannan rubutu. Labarinsa kuwa shi ne: bayan yarjejeniyar ciniki ta 1703 tsakanin Fotugal da Ingila, Turawan Ingila suka dinga sayen giyar Douro babu ƙaƙƙautawa. Da kasuwa ta buɗe sai algus ya shigo. Aka riƙa kawo ta wasu wurare ana sayarwa da sunan ta Douro, ana zuba mata ruwan 'ya'yan wata bishiya don launinta ya yi duhu. Masu saye suka gane, farashi ya faɗi warwas, manomin kirki da maha'inci duk suka kwana ciki. A 1756, shekara guda bayan girgizar ƙasar da ta rushe Lisbon, babban ministan sarki, wanda daga baya aka fi sani da Marquês de Pombal, ya kafa kamfanin da zai kula da harkar, ya sa aka shata iyakar yankin da duwatsu 335, ya kuma ba da umarnin a tumɓuke bishiyoyin da ake algus da su. Ba da lalama aka yi ba. Da masu shagunan giya na Porto suka yi bore a 1757, har rataye wasu aka yi. Ban yaba wannan ba, kuma abin da ake karewa ɗin ma ba abin da ni zan kare ba ne. Amma dabarar ta tsaya mini a rai: an ɗaure suna a jikin ƙasa, ta yadda wanda bai noma a nan ba ba shi da ikon cin kasuwa da sunan nan.

Har yau haka abin yake, ya ma ƙara tsauri. Kowace gona tana da daraja daga A zuwa I, gwargwadon tsayin wurin, gangararsa, irin ƙasarsa, yadda rana ke dukansa da shekarun itacen. Kowace shekara hukuma ce ke yanke adadin giyar da za a sarrafa da sunan Porto, wato sunan fitacciyar giyar yankin, ta raba wa manoma. Kuma ba giya kaɗai ba, kusan duk abin da ke kan teburinsu yana da gari. Man zaitun na Trás-os-Montes ne ko na Moura. Alewar ƙwai ta Aveiro ce. Cukun da suka fi ji da shi na tsaunin Serra da Estrela ne, kuma doka ta ce da nonon tumakin yankin za a yi shi, da gishiri, da furen wata ƙaya mai suna cardo wadda ke daskarar da nonon. Ana yanke samansa kamar murfi a ɗebi cikin da cokali. Da aka yi mini bayanin furen nan sai na tuna Fulanin Kwara da na Jamhuriyar Benin, da tumfafiya suke daskarar da nasu cukun. Ilimi ɗaya ne. Na Fotugal yana cikin kwali da hatimi da lamba, namu yana cikin roba a bakin titi, rana na dukansa.

Mu ma fa ba mu rasa sunaye ba. Kowace uwar gida a Kano ta san albasar Galmi da ta Aliero, ta san tattasan Diffa, raken Maƙarfi, cittar Kachia, bandar Baga, dankalin Jos. A baki muke riƙe da su, a kasuwa kuma babu abin da ke tsare su. Ka shiga Dawanau ka ga buhuna sun kai rufi, babu ɗaya da zai gaya maka gonar da ya fito. Zoɓon da ake tarawa a Maigatari yana tafiya har Meziko, can su jiƙa shi su sha da sunan da suka raɗa masa, manomin Jigawa kuwa ko labarinsa ba a ji. Kuma inda babu suna, nan algus ke yin gida. Wanda ya narka sukari ya ce zuma ce, da wanda ya hau bishiya da tsakar dare ƙudan zuma na harbinsa, farashi ɗaya ake taya musu, domin mai saye ba shi da hanyar rarrabewa. A hankali mai gaskiyar sai ya gaji. A nan dole in yaba wa 'yan'uwanmu na Nijar, da suka tashi suka yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka, OAPI. Mu a Najeriya har yanzu muna musu a Facebook kan garin da ya fi iya kilishi.

A biranen Fotugal kuwa, Musulmi sai ya koyi tambaya biyu kafin ya koyi gaisuwa: tem porco, wato akwai alade, da leva vinho, wato an sa giya. Abincin da Porto ta yi suna da shi tumbi ne da farin wake, har ana yi wa mutanen garin laƙabi da maciya tumbi. Sukan ce a 1415, da ake shirin yaƙin Ceuta, wani birni a gaɓar Arewacin Afirka, sun ba mayaƙan ruwa naman duka suka rage wa kansu kayan ciki. Na so in ci, don ƙamshinsa ya tuna mini farfesun kayan ciki na safiyar Babbar Sallah, amma akwai alade a ciki. Hatta miyar ganyensu, caldo verde, sai sun jefa mata yankan alade ɗaya a kai. Kifi ne ya rufa mini asiri. Ga sadin gasasshe a kan gawayi, gishiri kawai aka barbaɗa masa. Ga bacalhau, busasshen kifi mai gishiri wanda sai ya kwana ɗaya ko biyu a ruwa kafin a dafa, wanda suke cewa suna da hanyar dafa shi ta kowace rana a shekara. Abin mamaki, ba a tekunsu ake kama shi ba, yawanci daga Nowe yake zuwa, ƙasar da ke aiko wa Najeriya busasshen kifin da ake sa wa miya a kudu.

Wani abin da ke sanyaya mini rai a teburinsu shi ne Larabcin da ke ɓoye a ciki. Man zaitun azeite ne, 'ya'yansa azeitona, shinkafa arroz, sukari açúcar. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar daga ƙarni na 8 har 1249, sunan yankin Algarve ma daga al-Gharb ya fito. A Mértola akwai cocin da asalinsa masallaci ne, har yau mihrabinsa na nan yana duban alƙibla. Na tsaya a gabansa na daɗe.

Akwai inda ba zan taɓa sabawa ba. A watannina na farko, a wani gidan abinci, aka ajiye mini burodi da zaitun da ɗan cuku tun ban ce komai ba. Na ɗauka karamci ne, na ci, na yi godiya. Da takardar kuɗi ta zo sai ga su a jere, kowanne da farashinsa. Ba cuta ba ce, al'adarsu ce, in ba ka taɓa ba ba za ka biya ba. Amma ni a gidan da na tashi, abin da aka ajiye gabanka aka ce bismillah ya zama naka. Ko mai tsire a Tudun Wada sai ya yanko maka ɗanɗano, mai fura ta ƙara maka gyara. Sai dai a ƙauyen abokina na ga ɗaya fuskar. Tsohuwar nan tukunya daban ta ɗora mini, ta yi mini shinkafa da wake da kifi, ta nuna mini cokalin da ta juya da shi don in tabbata bai taɓa naman kowa ba. Awa biyu muka yi a kan tebur, babu mai duba waya.

Da muka gangara kudu zuwa Alentejo, wajen Évora, sai na ga bishiyoyi an saɓule musu ɓawo daga gindi zuwa ƙirji, jikinsu ja, an rubuta lamba ɗaya da farin fenti. Itacen da ake yin toshiyar kwalba da ɓawonsa ke nan, kuma kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi daga Fotugal yake fitowa. Sai bishiya ta kai shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma sai bayan shekara 9, lambar nan ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ɓare ta. Ba ka isa ka sare ta ba sai da izinin hukuma, ko da a gonarka take. Mutum na dasa abin da jikansa ne zai ci moriyarsa. Ni kuwa ɗorawar da ke gonar kakanmu, wadda kakata ta yi shekaru tana daddawa da kalwarta, buhun gawayi nawa aka samu a jikinta? Rana ɗaya aka gama da ita.

Kada a ɗauka komai lafiya lau yake a can. Ƙauyukan Douro tsofaffi ne suka rage a ciki, matasa sun tafi Porto da Faransa da Suwizalan. Cikin masu tsinkar da na gani akwai 'yan Nepal da Indiya da yawa. Ƙananan manoma suna kukan manyan kamfanoni sun rage saye, kuɗin inabin ba ya mayar da abin da aka kashe, har zanga-zanga sun yi a Régua. Ashe suna kaɗai ba ya cika wa manomi aljihu. Amma da na ji mahaifin abokina yana faɗa, na lura yana da takardar gonarsa, ya san darajarta, ya san ofishin da zai je ya buga tebur. Manomin tumatir a Kadawa, ranar da kwando ya faɗi ƙasa da kuɗin mota, wa zai je ya samu?

Kafin mu rabu da iyalin abokina na jiƙa musu zoɓon da na saya a wani shago a unguwar Martim Moniz ta Lisbon, na sa citta da kanumfari. Tsohuwar ta sha, ta ƙara, sannan ta yi mini tambayar da suke yi wa kowane abinci: na wane yanki ne? Na juya ledar gaba da baya. Babu komai sai sunan furen da nauyinsa.

Da na dawo Lisbon na kira kawuna da ke noman inabi a wajen Kudan, kusa da Zariya, inda 'yan shekarun nan gonakin inabi suka yawaita. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, in dillalai sun zo, a cikin me suke ɗauka?" Ya ce a kwali. Na ce wane suna ne a jikin kwalin? Ya ce, "Wallahi ɗana, tsofaffin kwalayen na waje ne suke zuwa da su. Sun ce in mai saye ya ji na gida ne sai ya rage kuɗi." Na tambaye shi nawa za a buga masa takarda mai sunan Kudan da sunan gonarsa a Zariya. Ya ce zai aiki yaro ya tambayo ranar Litinin.