Rasit a hannu, yashi a hanya

A madatsar Dadin Kowa da mashigan kogin Gongola, mai karɓar kuɗin lasisin kwale-kwale ba ya makara. Ba ka da rasit, a ɗaure maka jirgi. To, mun ji, a biya. Amma ina aikin?

Da rani ruwa ya ja, yashi ya cike hanya, kututturan da ke ƙarƙashi babu ko sanda da aka kafa ta nuna su. Farfela ta daki ɗaya, fil ɗin da ke riƙe da ita ya karye, sai tuƙi da gora. Kainuwa kuma ta toshe ramin da injin ke shan ruwa, ya ɗau zafi ya mutu a tsakiyar tafki, da lodin mutane, rigar ruwa uku kacal. Matakalar kwata? Laka ce har gwiwa.